Ƙanzon Taga Ta Uku

Litinin, 6 ga Oktoba, sha biyu saura kwata na rana

Kwana goma sha tara da na ajiye aiki, amma cikina bai samu labari ba har yau. Sha biyu na gabatowa sai ya hau ƙugi, idona kuma ya koma bakin ƙofa kamar wani zai shigo. Babu mai shigowa. Ɗaki ɗaya ne na kama kusa da shagon aski a unguwar Barrio Abajo, da taga ɗaya mai ƙarafa tana kallon titi, da fitilar ɗaukar bidiyo a tsaye a tsakiya kamar ita ce mai gidan.

Shekara goma sha ɗaya na yi a taga ta uku a ofishin ruwa, wurin masu ƙorafi. Shekara goma sha ɗaya Papi, mahaifina, yana jingine kekensa a gindin mangwaron bakin ofis, ya shigo da langa mai hawa uku, ya dire ta a kan kanta ya ce, "Taga ta uku, ga na rana." Hawan ƙasa miya, na tsakiya shinkafa da kifi ko nama, na sama ƙanzo. Ƙanzon tukunya nawa ne tun ina 'yar shekara tara, tun da Mami ta rasu ya ɗaura zanen girki ya koya da kansa. A gidanmu wanda aka fi so shi ake kankare wa ƙanzo, kowa a garinmu Barranquilla ya san haka.

Yau burodi da cuku na ci a tsaye. Mabiya shafina na intanet dubu ɗari biyu da goma sha ɗaya.

Talata, 7 ga Oktoba, shida da rabi na safe

Na tura saƙon murya kamar kullum: "Sa mini albarka, Papi."

Ya amsa: "Allah ya yi miki albarka."

Daƙiƙa biyu. Da can ba ya rufewa sai ya ce "mija," wato 'yata, sannan ya ba ni labarin kajinsa da na maƙwabcin da ke kunna kiɗa tun asuba. Albarka dai ba zai hana ni ba, ba a haka aka rene shi ba. Amma ya aske mata komai.

Na saurara sau bakwai.

Laraba, 8 ga Oktoba, huɗu na yamma

Na ɗauki bidiyon kwaikwayon matar nan mai zuwa ofis da ruwan famfo a kwalba tana girgiza shi a fuskata. Na yafa tawul, na ɗaura abin naɗe gashi, na yi ita, na koma na yi ni a bayan kanta, na sake komawa na yi ita. Ya yi kyau. Na yi wa kaina dariya har mai aski ya leƙo ya ce, "Marelvis, ke da wa?" Na ce ni da jama'ata.

Ina son wannan aikin. Bari in rubuta shi a nan don kada gobe in yi wa kaina ƙarya.

Sai na buɗe tsokacin mutane. Ina tsohon nan mai langa? A dawo mana da Don Langa. Mu dai tsohon muke so. Don Langa, kamar a ce Malam Langa, shi ne sunan da suka laƙa wa Papi. Wata bakwai ina ɗora abubuwa, ba wanda ya san da ni sai 'yan ofis. Wancan bidiyon guda ɗaya ne ya kawo su duka, shi ya ba ni ƙarfin halin rubuta takardar barin aiki.

Ba zan yi maganarsa ba yau.

Alhamis, 9 ga Oktoba, sha biyu da minti biyar

Keke ya wuce. Mai sayar da fiya ne.

Juma'a, 10 ga Oktoba, biyar na yamma

Tía Nico ta zo, gwaggona, ƙanwar Papi. Ba ta ƙwanƙwasa ba, ba ta taɓa yi ba. Ta ƙare wa ɗakin kallo, ta ɗaga murfin tukunyata ta mayar.

"To, tauraruwa, ina masu yi miki girkin? Dubu ɗari biyu, ba wanda ya iya dafa rogo?"

"Tía, don Allah."

"Dubi wuyanki. Har agogo zai shige."

Na zuba mata kofi. Na daɗe ina kewaye-kewaye kafin na tambayi lafiyarsa. Ta ce ƙalau yake, kullum sha ɗaya da rabi yana kan keke da langarsa.

"Zuwa ina?"

"Ofishin ruwa mana."

"Yana kai wa wa?"

"Taga ta uku. Ke kika ajiye aiki, tagar tana nan."

Ashe yarinyar da aka ɗauka a madadina yake kai wa. Yurani, 'yar ƙauye daga wajen Sabanalarga, wadda ni na koya wa yadda ake buga hatimi a makona na ƙarshe. Ranar farko ya shiga, ya ga baƙuwar fuska, ya ɗan tsaya, sannan ya dire langar ya faɗi maganarsa. Tun daga ranar bai fasa ba.

Na ce wa Tía ai ya kyauta, yarinyar ba ta da kowa a garin nan. Ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Haɗiye shi a hankali, kada ya shaƙe ki."

Asabar, 11 ga Oktoba, goma na safe

Yurani ko ƙayar kifi ba ta iya cirewa ba. Na ga yadda take ci.

Lahadi, 12 ga Oktoba, ɗaya na rana

Na je coci, na zauna can baya. Ga ƙeyar Papi a layi na huɗu, da farar rigar nan da ni nake goge masa. Wuyan rigar bai kwanta ba.

Da aka tashi na laɓe a bayan ginshiƙi, da niyyar in fito idan ya iso. Sai 'yan acaɓan bakin dandali suka hango shi.

"Don Langa! Taga ta uku, ga na rana!"

Ɗaya ya sauko daga babur ya yi tafiyar. Kafaɗar hagu ta faɗi, ƙafar dama ta ja ƙasa, hannu ɗaya a sama kamar yana riƙe da langa. Ba Papi yake kwaikwaya ba, ni yake kwaikwaya ina kwaikwayon Papi. Har ɗan fito da nake yi a ƙarshe ya yi.

Papi bai juya ba. Ya gyara hularsa ya ci gaba, amma ya rage sauri, yana ta ƙoƙarin daidaita ƙafar. Shekara saba'in da ɗaya. Don Anselmo Barraza, wanda ya yi shekara ashirin yana dako a tashar jiragen ruwa har igiya ta tsinke da buhuna a kansa.

Ban fito daga bayan ginshiƙin ba.

Litinin, 13 ga Oktoba, sha biyu na rana

Yau hutu, ofis a rufe. Ba wadda za ta ci langa yau, kuma na ji daɗi. Ga irin mutumin da na zama.

Laraba, 15 ga Oktoba, shida na yamma

Na goge bidiyon Papi da safe. Na zauna ina jira in ji sauƙi.

Kafin azahar na same shi a shafuka shida da ba nawa ba. Wani ya sa masa kiɗan bikin raye-rayen gari, tafiyar tana tafiya daidai da ganga. Wani ya rage gudunsa don a ga ƙafar sosai. Na rubuta musu ɗaya bayan ɗaya, mutum ɗaya ya amsa da hoton fuska mai dariya. Ni da na shekara goma sha ɗaya ina ce wa mutane "an karɓi ƙorafinka, za a duba," yau na san ɗanɗanonta.

Wani kamfanin kwanukan abinci kuma ya turo saƙo. Suna son ni da tsohon, na gaske, mu fito tare. Sun ce jama'a za su yi kuka. Ban amsa ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba, shida da rabi na safe

"Allah ya yi miki albarka." Daƙiƙa biyu. Na ji zakara a bayansa.

Asabar, 18 ga Oktoba, uku na rana

Tía a waya: "Ki sa takalmin kirki ki je ki roƙi aikinki. Idan ya gan ki a bayan tagar nan, shi ke nan."

"Ba na so, Tía."

"Ba kya son fansho? Ba kya son asibiti kyauta? Uban naki sai da ya saka farar riga ya zagaye unguwa ranar da aka ɗauke ki, har mai rake sai da ya sani."

Na sani. Amma ba zan koma ba. Na tuna sanyin na'urar ofis da ke sa yatsuna ƙagewa, da lambobin layi, da yadda nake kallon agogo tun tara na safe. Jiya wata mata ta rubuto daga Madrid, tana kula da tsofaffi a can, ta ce idan ta kalle ni sai ta ji ƙamshin titinsu bayan ruwan sama. A taga ta uku ba wanda ya taɓa ce mini haka.

Ba aikin nake kewa ba. Sha biyun rana nake kewa. Minti goman nan da yake tsayawa ya jingina da kanta yana kallona ina buɗe hawan sama, yana cewa, "Ci tun bai yi laushi ba."

Kuma ban yarda aikin ne ya ɓata masa rai ba. Ranar da na gaya masa na ajiye, cewa kawai ya yi, "Na gani a wayar mai shago." Ban tambaye shi me ya gani ba. Kwana uku muna gida ɗaya ba ya kallona, a na huɗu na ce ina bukatar ɗaki mai haske saboda aiki, na kwashe kayana. Shi ya riƙe mini ƙofa.

Talata, 21 ga Oktoba, sha biyu saura minti ashirin

Hadari ya haɗo daga wajen kogi, gari ya yi baƙi. Yanzu Papi yana kan hanya. Titi biyu zai tsallaka da ruwa ke mayarwa rafi, irin wanda ke tafiya da mota balle keke. Na kira, wayarsa tana gida, kullum a kan firij yake barin ta.

Talata, ɗaya da rabi

Na kira Yurani. Bai iso ba. Ruwa ya kai gwiwa a ƙofar ɗakina, mai aski ya tare ni ya ce idan na fita shi zai ɗaure ni da kujera.

Ubangiji, ka bar mini shi. Ko bai sake ce mini komai ba.

Talata, huɗu saura kwata

Ya isa. Yurani ta kira tana haki. Ashe a shagon wani mai facin taya ya fake, awa uku yana zaune a kan taya da langa a cinya. Ya shiga ofis wando sharkaf, ya dire ta ya ce a yi haƙuri miyar ta huce.

Na zauna a ƙasa na yi kuka, tana ji. Da na lafa sai ta kira ni da sunan girmamawar da take kirana, ta ce, "Seño Mare, in tambaye ki wani abu, kada ki ji haushi?"

"Tambayi."

"Hawan saman nan, na mene ne? Ko na zuba ƙashi ne? Kullum wayam yake zuwa. Ina jin kunyar tambayarsa."

Na ce ta maimaita. Ta ce tun ranar farko babu komai a ciki, a wanke tas, a bushe.

Na ce mata na zuba ƙashi ne.

Laraba, 22 ga Oktoba, tara na safe

Ba a dafa shinkafar kwakwa a tukunyar Papi ba ƙanzo. Ba ya yiwuwa. Shi kuma haƙoransa sun daina ci tun tuni.

Na kira Tía na tambaye ta inda yake kai shi.

"Ni 'yar leƙen asirinki ce? Makulli na ƙarƙashin tukunyar fure inda yake tun kafin a haife ki. Sha ɗaya da rabi yake fita. Kina da ƙafa, har kin nuna wa duniya kin iya tafiya iri biyu."

Ta kashe. Wannan ta shige ni, kuma na cancanta.

Alhamis, 23 ga Oktoba, biyu na rana

Na je.

Gidan na ƙamshin kwakwa da tafarnuwa. Rediyo a kashe. Kujerarsa mai lilo tana fuskantar bango, ba titi ba. A kan tebur, a gefen da nake zama, faranti ne an kife shi da wani, da cokali a gefe. Na ɗaga. Ƙanzo, ja-ja, da ɗuminsa.

Ta taga na hango kajin, sun yi ƙiba har suna tafiya da ƙyar. Wato kullum sai ya ajiye, da yamma ya zuba musu. Wata guda da kwanaki.

Ga abin da ba zan gaya wa kowa ba. Hasken tagar kicin ya sauka a kan farantin daidai yadda ake so, sai na ga waya a hannuna, na riga na buɗe kyamara. Ban san lokacin da na ciro ta ba. Har na fara jin kalmomin da zan rubuta a ƙasa. Na tsaya ina kallon hannun nan kamar na wata, sannan na buɗe firij na saka wayar a ciki na rufe.

Na ci a zaune, a hankali. Na bar farantin ban wanke ba, da cokali a kife a tsakiya, abin da ya yi shekara ashirin yana mini faɗa a kai. Na fita kafin ya dawo, don ni matsoraciya ce. Na kai bakin titi na koma na ɗauko wayar.

Juma'a, 24 ga Oktoba, biyu na rana

Albarkar safe tana nan daƙiƙa biyu. Amma yau a gefen farantin akwai kofin ruwan mazarƙwaila da lemun tsami, an rufe shi da murfi saboda ƙuda.

Asabar, 25 ga Oktoba, sha biyu

Ba ya fita Asabar da Lahadi, don haka ba ni da hanyar zuwa. Na ɗauki bidiyo biyu, ɗaya ya karɓu. Na rubuta wa masu kwanuka na ce a'a.

Litinin, 27 ga Oktoba, biyar na yamma

Yau na ci, na zauna.

Na ji ƙarar sarƙar keke, na ji ƙofa. Ya tsaya a bakin kicin da langa a hannu. Ya rame. Na miƙe na ce, "Sa mini albarka, Papi." Ya sa. Ya wuce wurin wanke-wanke ya fara warware langar hawa-hawa, ya ba ni baya.

Na faɗi duk abin da na shirya. Na ce na goge bidiyon. Na ce ba da mugunta na yi ba, so ne, ina nuna wa mutane irin uban da nake da shi. Na ce ya yafe mini. Ruwa na ta zuba har ya gama wanke hawan ƙasa.

"Sau nawa kika gwada tafiyar kafin ki iya?"

"Papi..."

"Tambaya na yi."

"Sau huɗu. A gaban madubi."

Ya gyaɗa kai. "Kin iya kuwa. Mai shago ya ce kamar an tsaga kara." Ya juye ruwan kumfa. "Ni ban san haka nake tafiya ba."

Ya ɗauraye hawan tsakiya, ya ci gaba.

"Da aka cire mini filasta, na ce wa uwarki ba zan ƙara fita ba. Ta sa na yi tafiya daga nan zuwa ƙofa, ta kalle ni ta ce, Anselmo, wallahi ba a ganewa. Na yarda da ita. Shekara talatin ina shiga mutane ina cewa ba a ganewa." Ya ɗauki tsumma ya share hawan sama, wanda bai taɓa datti ba. "Ba wanda ya gaya mini. Duk unguwar nan, ba wanda ya gaya mini."

Babu abin da zan goge da zai mayar masa da wannan. Na tsaya da hannu biyu a banza. Na ɗauki farantina zan wanke, ya ce, "Bar shi." Na bari, na fito.

Talata, 28 ga Oktoba, sha biyu da rabi

Ban je ba. Ban kunna fitila ba. Albarkar safe daƙiƙa huɗu ce, biyun ƙarshe numfashi ne kawai.

Laraba, 29 ga Oktoba, ɗaya da kwata na rana

Ina tsakiyar ɗauka, da tawul a kaina, na ji shagon aski ya yi tsit. Na leƙa.

A can bakin kwana ya ajiye keken, nesa, alhali zai iya hawa har ƙofata. Ya taho da ƙafa, tsakiyar titi, a gaban mazauna bencin aski da masu wasan domino. Kafaɗa tana faɗuwa, ƙafa tana jan ƙasa. Bai rage sauri ba, bai daidaita komai ba. Wani ya fara, "Don Lan..." sai Papi ya ɗaga masa hula ya ce, "Barka da rana, maigida," mutumin ya haɗiye sauran.

Ya iso tagata. Ya dubi tawul ɗin, ya dubi fitilar.

"Wannan abin a kunne yake?"

Na kashe, na goge abin da ta ɗauka a gabansa, na kife wayar.

Ba langar duka ba ce a hannunsa. Hawan sama ne kaɗai, an ɗaure da tsumma.

"Sauran fa?" na ce, don in samu abin faɗa.

"Na kai wa yarinyar. Ba ta da kowa a nan, kuma ta fara koyon cire ƙaya." Ya duba ƙarafan sama da ƙasa. "Wannan taga ta nawa ce?"

"Ita kaɗai ce, Papi."

"To, ga na rana."

Sai da ya karkata kwanon kafin ya shige tsakanin ƙarafan. Na kwance a nan tsaye. Ya jingina da bango yana kallona, na ga bakinsa ya motsa, na jira.

"Ci tun bai yi laushi ba," ya ce. "Ki dawo mini da kwanon ranar Lahadi da ƙafarki. Ni ba ɗan aikenki ba ne. Kuma akwai riga da ke son guga."

Na kalle shi yana komawa har ya kai wurin keken. Rabon da in kalli tafiyarsa ba don in koya ba, na manta.

Bai ce mija ba tukuna. Na wanke kwanon, na kife shi a bakin taga. Lahadi saura kwana huɗu.